Kaset Uku na Mma Zenabu

Cikin duk ranakun da na yi a gidan rediyon nan, wadda ta ƙi barin raina ita ce wata Laraba, makonni kaɗan bayan Babbar Salla, da wata mata ta hawo bene neman muryar mahaifiyarta. Tunda kun tambaye ni dalilin da ya sa nake matsa muku a kan rajista da yin kwafi, har wasunku na kirana tsohon yayi a bayan idona, to ga labarin. Ban taɓa ba da shi cikakke ba, domin laifina na ciki.

A lokacin ni ne mai kula da ɗakin ajiyar sauti. Ga wanda bai san tsarin ba, manaja ne a sama, sai shugaban sashen shirye-shirye, sai masu gabatarwa da masu kula da na'urori, sannan mai ajiya. Aikin mai ajiya shi ne ya san inda kowace waƙa take. Mai gabatarwa zai rubuto abin da yake so, in ciro masa, ya sa hannu, in ya gama shiri ya dawo da shi. Na gaji ɗakin ne daga hannun wani dattijo da ya yi ritaya ya koma arewa. Ɗaki ne ƙarami mai taga ɗaya da ke kallon babban kwatan unguwarmu ta Nima, kantoci daga ƙasa har rufi, cike da kaset da faifan sidi.

Kayan ɗakin kashi uku ne. Akwai waɗanda gidan ya saya a kasuwa. Akwai waɗanda muka ɗauka da kanmu, a situdiyo ko a wurin biki da suna. Sai kuma waɗanda mutane suka kawo ajiya. Kowane kaset yana da lamba a gefensa, lambar kuma tana cikin wata babbar rajista mai baƙin bango. Magabacina yana da wata al'ada: duk abin da aka kawo ajiya, da jan biro yake rubuta shi, ya sa sunan mai shi da unguwarsa. Na san da wannan. Ku riƙe shi, domin ba zan fake da rashin sani ba.

Sai aka kawo mana sabon manaja, Malam Awudu. Matashi ne mai ƙwazo, kuma ba mugu ba ne. A taron farko ya ce gidan zai fara biyan kuɗin wata ga manhajar sauraren waƙoƙi ta intanet, ɗakin ajiya kuma za a mayar da shi situdiyo na biyu. Hujjarsa a fili take. Masu gabatarwa sun daina hawowa wurina, kowa da wayarsa yake aiki. Mai sauraro ya bugo ya nemi sabuwar waƙar da ta fito a Kano ko Yamai ko Kumasi, kafin ya ajiye waya an samo ta. Na'urar kaset ɗinmu kuwa ta tsufa, tana cin zare, mai gyaranta ya mutu.

Gaskiya ni ma na yi murna. Ƙurar ɗakin ta sa mini tari na shekaru. Ranar da na fara taɓa manhajar, na rubuta sunan wata waƙa da na daɗe ina nema, ta fito nan take, tas, babu shuu ɗin nan na kaset, sai na ji kamar an sauke mini kaya.

Manaja ya ba ni mako biyu, da ƙa'ida ɗaya. Duk abin da ke cikin manhajar a fitar da shi, abin da babu shi a can a ware, a juye a kwamfuta. Kwana uku na farko na bi ƙa'ida sosai. In ɗauki kaset, in duba lambarsa a rajista, in saurare shi, in nemi waƙar a manhaja, in gwada su. Da na ɗaga kai na ga ban gama kanta ɗaya ba, ga ɗauke wuta kullum, ga aikina na yau da gobe bai tsaya ba, sai na nemi gajeriyar hanya. Na rufe rajista. In karanta sunan da ke gefen kaset, in rubuta a manhaja, in sunan ya fito in jefa a buhu. Ban saurara ba, ban duba hoton mai waƙar ba. Da haka na gama kwana biyu kafin wa'adi, har manaja ya yaba mini a gaban jama'a.

Kafin kayan gidan su fita, akwai takardar fitar da kaya, wadda mutum uku ke sa wa hannu: mai ajiya, shugaban sashe, da manaja. Hannun mai ajiya ne na farko, kuma ma'anarsa shi ne ya duba ya tabbatar. Na sa hannu. Masu sayen tsofaffin ƙarafa da robobi, waɗanda muke kira 'yan kondem, suka zo da kekensu mai ƙafa uku, suka kwashe buhunan zuwa unguwar Old Fadama, inda rumfunansu suke.

Alamar farko ta zo bayan kamar wata guda. Waƙar da ake buɗe shirin mata da ita ta ɓace daga manhajar. Sunanta na nan, amma ya dusashe, ba ya taɓuwa. Mai gabatar da shirin ta tambaye ni ko kaset ɗin na nan, na ce ya tafi. Muka yi dariya, ta zaɓi wata. A ranar na fara gane cewa abin da ke can ana iya ɗauke shi ba tare da an yi shawara da mu ba, amma ban ɗauki abin da zafi ba.

Sai ranar Larabar. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe mai gadi ya hawo da wata mata, za ta yi shekara arba'in da wani abu, mayafinta na ƙanshin albasa. Ta ce sunanta Rabi, tana sayar da kayan miya a Kasuwar Malam Atta, mahaifiyarta kuma ita ce Mma Zenabu mai kiɗan ƙwarya. Ku yara ba ku san ta ba, amma akwai lokacin da ba a yin bikin mata a Nima ko Maamobi sai da ita da ƙungiyarta. Tana waƙa da Hausarmu ta Zongo, ta sa yaren Twi, ta sa na Ga, ta kira sunayen dangin amarya tun daga kakanni.

Rabi ta ce tsohuwar ta samu shanyewar ɓarin jiki kafin Salla, bakinta ya tafi, ba ta magana. Likita ya ce a riƙa sa mata abin da ta saba ji, wataƙila ya motsa ta. Sun nemi waƙoƙinta a gida babu, ruwa ya daɗe da cinye su, domin a unguwar Alajo suke, kusa da kwata. Sai ƙanwar tsohuwar ta tuna cewa saboda ruwan nan ne ma, shekaru da yawa baya, Mma Zenabu ta kawo kaset uku gidan rediyo, ta ce a ajiye mata.

Na ce mata wannan ai mai sauƙi ne, yanzu komai na intanet. Na rubuta sunan a manhaja, ya fito. Na taɓa waƙar farko. Sai ga kiɗan zamani, da muryar wata yarinya da ba ta wuce jikar Mma Zenabu ba. Suna ɗaya, mutum daban. Rabi ta girgiza kai, ta ce, "Malam Inusa, wannan ba Mma ba ce."

Na miƙe. Na ciro rajistar daga ƙasan tebur, na bi shafukan. Ga su nan, lamba uku a jere, da jan biro: Zenabu mai ƙwarya, Alajo, ajiya, ba a da wani kwafi. Na duba kwalin abubuwan da na ware, ba sa ciki. Na san ba sa ciki, domin na tuna hannuna yana jefa su.

Ban gaya mata gaskiya ba a ranar. Na ce an yi gyaran ɗaki, kaya sun cakuɗe, ta dawo Juma'a. Ta yi godiya, har ta yi mini addu'a, ta sauka.

Washegari na nemi izini na shiga tirotiro, ƙaramar motar haya, zuwa Old Fadama. Na bi rumfunan masu ƙarafa ina tambaya, cikin hayaƙi da taɓo, har na samu mutumin da ya sayi kayan, wani Badagombe mai suna Alhassan. Ya tuna da buhunan sarai. Ya bayyana mini cewa kaset ba shi da amfani a wurinsu sai robar da ƴan ƙusoshin jikinsa, saboda haka fasa su ake yi, zaren kuma a tara a ƙone. Ya kai ni bayan rumfarsa ya nuna mini wurin. Na tsuguna na tona da sanda kusan sa'a biyu. Zare baƙi yana nan, ya narke ya haɗe da ƙasa, wani yana lilo a jikin waya. Ko guda mai rai ban samu ba. Alhassan ya ba ni ruwa na wanke hannu, ya tambaye ni ko waƙar wani babban mutum ce. Na ce ta wata tsohuwa ce a Alajo. Ya ce Allah ya kyauta, shi ma da ya sani da ya ware.

Da na dawo na shiga ofishin manaja da rajistar a hannu, na faɗa masa komai, har da gajeriyar hanyar da na bi. Ya daɗe yana kallon jan rubutun. Ya ce shi ma ya sa hannu bai duba ba, amma hannuna ne na farko, kuma dole a ba ni takardar tuhuma. Na ce na yarda. Na roƙe shi abu ɗaya, a bar ni in yi sanarwa a iska, ko akwai mai kwafi a cikin masu sauraro. Ya amince, amma ya so a ce muna tattara tsofaffin waƙoƙi ne kawai, kada a ambaci cewa mun yar da ajiya. Ban yi masa musu ba, domin ni ma kunyar ta ishe ni.

Ranar Juma'a bayan masallaci Rabi ta dawo. Wannan karon na zaunar da ita na gaya mata. Na zaci za ta yi ihu, ko ta tara mini jama'a, kuma da ta yi da na fi samun sauƙi. Ba ta yi ba. Ta murza bakin mayafinta, sannan ta ce:

"Da a ɗakinta ta bar su ruwa ya ci, da na ce ikon Allah ne. Amma ta ɗauko su da ƙafarta ta kawo muku."

Na ce haka ne, Yaya Rabi. Ta tambaye ni ko na taɓa sauraren su kafin in zubar. Na ce a'a. Ta gyaɗa kai, ta miƙe, ta tafi ba sallama.

Mun yi sanarwar kwana shida, safe da yamma. Waya ba ta huta ba. Mata suka yi ta bugowa daga Nima, Maamobi, Kotobabi, har daga Madina, kowace na cewa Mma Zenabu ce ta yi bikinta. Wasu suka rera mana baiti ɗaya ko biyu ta waya. Amma duk wadda na tambaya ko tana da kaset, amsar ɗaya ce: da tana da shi, ta zubar da aka samu waya. Wata ta ce ai ta ɗauka yana wurinmu, shi ya sa ba ta damu ba. Abin da ya fi tsaya mini ke nan. Unguwa ta zubar da nata domin ta dogara da mu, mu kuma mun zubar da namu domin mun dogara da wani kamfani da bai taɓa jin sunan Alajo ba.

A rana ta bakwai wani dattijo ya bugo, Baba Seidu, tela a Maamobi. Ya ce yana jin yana da wani abu, ya taɓa ɗaukar muryar Mma Zenabu daga rediyo a wani shiri da muka sa. Na ce ya taimaka ya ba mu aro. Ya ce ba zai ba da ba. Ya ce ya ji labarin gaskiya a gari, wanda ya zubar da amanar wani ba a ba shi aron na wani, in ina so in zo da na'urata in juya a gabansa.

Na ɗauki kwamfuta da wayoyi na je. Shagonsa ƙarami ne a bakin lungu. A ƙarƙashin teburin yanka akwai akwatin ƙarfe, cike da kaset, kowane a naɗe da ƙyallen atamfa, da suna a jiki. Na lura a kan keken ɗinkinsa akwai waya tana waƙa daga intanet. Na tambaye shi, ya ce ai da ita yake aiki kullum, ta fi sauƙi, kuma jikokinsa na sa masa sababbi. Amma na akwati nasa ne, ba mai kashe masa shi daga nesa.

Ya ciro kaset ɗin, ya naɗe zaren da fensir, ya sa a tsohuwar rediyonsa. Aka ji shuu, sai ƙwarya ta fara, sai muryar ta shigo. Ban taɓa jin ta ba sai ranar, sunanta kawai na sani. Murya ce mai kauri, mai dariya a cikinta, tana yi wa wata amarya kirari, ƴan amshi na karɓa. Baba Seidu ya daina ɗinki. Muna cikin haka, ba a kai minti biyar ba, sai waƙar ta katse a tsakiyar baiti, sharhin ƙwallo ya hau. Wani a gidan ya taɓa ɗaukar wasa a kai shekarun baya. Muka juya ɗaya ɓangaren, wa'azi ne. Abin da ya rage na Mma Zenabu a duniya ke nan, daga kaset uku cikakku.

Na juye, na rage shuu ɗin iya iyawata, na yanke ƙwallon. Washegari da hantsi na tafi Alajo. Rabi ta karɓe ni ba fara'a, ba wulaƙanci. Ɗakin yana da alamar ruwa a bango har kusan gwiwa. Tsohuwar na kwance a kan katifa da aka ɗora a kan bulo, ta rame ƙwarai, ɓarin fuskarta ya saki. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Mma, ni ne Inusa daga gidan rediyo, na kawo miki waƙarki." Idonta ya juyo kaina.

Na kunna. Da ƙwaryar ta fara ba ta motsa ba. Da muryar ta shigo, sai hannunta na hagu, mai lafiyar, ya fara bugun katifa, daidai da kiɗan, bai kuskure ko sau ɗaya ba. Hawaye ya gangaro ta gefe ɗaya. Rabi ta toshe bakinta da mayafi. Maƙwabta mata biyu suka leƙo suka tsaya a ƙofa.

Sai waƙar ta katse inda ta katse. Hannun ya ci gaba da bugu sau uku ko huɗu a cikin shirun, sannan ya tsaya. Leɓenta ya yi ta motsi, tana son ta ƙarasa baitin, sauti bai fito ba. Ta dube ni.

Rabi ta ce, "Tana tambayar sauran."

Na ce, "Mma, iyakarsa ke nan. Ki yafe mini."

Ban sani ba ko ta gane abin da nake roƙo. Ta daɗe tana kallona, sannan ta rufe ido. Rabi ta ce in sa mata a wayarta in tafi. Daga baya ta faɗa wa mai gabatar da shirin mata cewa kullum sai sun sa wa tsohuwar sau da yawa, kuma kullum in waƙar ta zo inda ta katse sai ta jira. Bakinta bai dawo ba. Bayan mako uku ta rasu. Na je jana'iza, na tsaya a sahun baya.

Na amsa takardar tuhumata, aka ba ni gargaɗi a rubuce, yana nan cikin fayil ɗina har yau. Wasu sun ce an yi mini sassauci, ni ma haka na gani. Bayan komai ya lafa na zauna da rajistar ni kaɗai, na bi jan rubutun daga farko zuwa ƙarshe, ina gwadawa da abin da ya rage a kwali. Ba Mma Zenabu kaɗai ba ce. Akwai mai goge daga Sabon Zongo, akwai ƴan ishiriniya na wani masallaci, akwai wani maroƙi da sunansa ya yi kama da na wani sananne. Yawancin masu su sun mutu, ba wanda zai hawo bene ya tambaye ni. Na rubuta sunayensu na kai wa manaja, ya karanta, ya sa a aljihun tebur.

Daga nan aka kafa dokokin da kuke ƙorafi a kansu. Ba a fitar da komai sai an saurare shi daga farko har ƙarshe. Duk abin da muka ɗauka da kanmu, ko aka kawo mana, ana yi masa kwafi uku: ɗaya a kwamfutar gida, ɗaya a wani ma'aji da ke wajen ginin, ɗaya a hannun mai shi ko danginsa. Ban hana ku manhaja ba, ni ma da ita nake aiki, kuma ba zan koma zamanin fensir ba. Amma mu ƴan Nima mun san haya. Ɗakin haya yana da daɗi, ba kai ka gina ba, ba kai kake gyara ba, sai dai ranar da mai gida ya so ɗakinsa ba ya neman shawararka. Waƙar da duniya ta sani, ku saurare ta a can, akwai masu tsaron ta da yawa. Wadda aka yi a lungunmu, da harshenmu, ga amaren unguwarmu, in ba mu riƙe ta ba babu mai riƙe ta.

Abin da aikin ya koya mini game da mutanenmu kuwa shi ne, ba don na'urorinmu suke kawo mana kayansu ba. Sun ji muryarmu a ɗakunansu shekara da shekaru, sai suka ɗauke mu ƴan gida. Hannun da za ku sa a takarda, a kan wannan yardar kuke sa shi.

Rabi tana nan a Kasuwar Malam Atta. In na bi ta layinsu tana gaishe ni, ta tambayi iyali, ba ta taɓa sake ta da maganar ba. Ni ne dai har yau ba na iya tsayawa a rumfarta, sai in amsa gaisuwa in wuce in saya a gaba.